Ranar da Na Hau Soron Inna da Wandon Yaya

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a Zango ba, na yi wani abu da har yau idan an taru a gidanmu na Daura sai an tayar da shi an yi dariya. Ni ma nakan taya su, don ba yadda zan yi, amma Allah ya sani dariyar iyakarta haƙorana. Jiya wata daga cikinku ta tambaye ni me ya sa nake tsanar a ce mini "za a yi", shi ne na ce bari yau in zauna in ba ku labarin daga tushe.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da wannan kaskon ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ta yi mini kayan ɗaki. Tun ina ƙarama da jan ido na san ta, da tari irin wanda ake cewa ai na masu aikin wuta ne. Madafinmu ɗan soro ne na ƙasa, ƙofa ɗaya da wata 'yar taga da ba ta fi tafin hannu ba. Azarar rufin ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, wato baƙin nan da hayaƙi ke tarawa, har wani lokaci yakan zubo cikin miya. Idan Inna tana suya, daga tsakar gida muryarta kawai za ka ji, ita kam hayaƙi ya haɗiye ta.

Da na fara ɗaukar albashi ban sayi atamfa ba, ban sayi waya ba. Wani magini na nemo daga wajen Sandamu, wanda ya iya irin murhun nan na laka mai bututu. Ya gina shi daidai gindin kaskon Inna, ya kafa bututun langa-langa ya fasa rufin soron ya fitar da shi sama, ya kifa masa 'yar hula don kada ruwa ya shiga. Ranar da aka fara hura wuta, muka fito tsakar gida muka ɗaga kai muna kallon hayaƙi yana tafiya sama abinsa. Inna ta tsaya a cikin madafi tana waige-waige kamar baƙuwa, ta ce ashe bangon nan yana da alkuki, wato ɗan ramin ajiye fitila.

Kafin maginin ya tafi ya tara mu, ni da Inna da yayana, wanda shi ne babba a gidan tun bayan rasuwar Baba. Ya ce, "To Hajiya, abu biyu murhun nan ba ya so, ɗanyen itace da mantuwa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, a hau sama a cire hular, a ɗaura tsumma a bakin gora a zura a kakkaɓe kunkunniyar. Daga ƙasa ba ya sharuwa saboda gwiwar da na yi masa. In kuka bar shi ya toshe, hayaƙin cikin ɗakin zai dawo."

Yaya ya gyara hula ya ce, "Haba, wannan ai ba wani abu ba ne. Ka bar shi a hannuna."

Shekarar farko lafiya lau. Idon Inna ya washe, tarin ya lafa, itacen da take ƙonawa ma ya ragu. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, ni kuwa ina ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro wuta. Har Yaya ya sa aka liƙe 'yar tagar nan, ya ce tunda ga bututu ba ta da amfani sai shigo da feshin ruwa. Shara kuwa ba a yi ba a wannan shekarar, kuma babu wanda ya damu, don hayaƙi yana fita.

A farkon damina ta biyu ne na zo hutun ƙarshen mako na tarar da hayaƙi yana fitowa ta ƙofar madafi. Saman bututun kuwa sai wani ɗan siriri yake fitarwa, kamar na turaren wuta. Na tuna wa Yaya maganar magini. Ya ce ai yana sane, za a yi, sai dai ya fara yi wa Malam magana.

A nan sai na yi wa waɗanda ba su tashi a cikin gari ba bayani. Gidajenmu manne suke da juna. Soron madafinmu jikin katangar maƙwabcinmu yake, wani dattijo mai koyar da karatu a zaurensa wanda kowa ke kira Malam. Duk wanda ya hau soron nan, tsakar gidan Malam a tafin hannunsa take, har makewayi da ba shi da rufi. Don haka a wurinmu namiji ba ya hawa sama haka kawai, ko yaɓe zai yi ko gyaran indararo. Sai an aika wa maigidan da ke maƙwabtaka, ya amince, matansa su kimtsa su shiga ɗaki, sannan mai hawa ya ɗaga murya ya yi sallama kafin kansa ya leƙo. Ni ban taɓa ganin laifin wannan al'ada ba, har gobe ma ba na gani. Ko ni ba zan so ina wanka in ɗaga kai in ga ƙato a kan katanga ba.

Matsalar ita ce akwai ɗan tsami tsakanin Yaya da Malam. Wata damina can baya indararonmu ya riƙa zuba a gindin katangar Malam har ta fara zaizayewa, magana ta kai gaban mai unguwa, aka sa Yaya ya juya shi. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta fatar baki, matan gidajen biyu ma suka rage shiga wurin juna.

Na koma Zango. Da na sake zuwa na tambaya, Yaya ya ce Malam ya yi tafiya. Zuwa na gaba ya ce Malam ya dawo amma ba ya jin daɗi, ba a kai wa marar lafiya irin wannan magana. Na gaba kuma ya ce ya yi masa maganar, Malam ya ce zai duba. Ana nan ruwa ya kankama, itace ya jiƙe, Inna tana tura ɗanye tana fifita, hayaƙi yana murtukewa a ɗakin da yanzu ko taga babu. Na ce ta fito tsakar gida ta yi suyar, ta ce da wane murhun, kuma ga ruwa, ga awaki, ga jikoki suna guje-guje kusa da tafasasshen mai. Na ce to ta dakata da sana'ar, ta kalle ni kamar na ce ta daina salla.

Na ce wa Yaya zan ɗauko maginin ya zo ya share, ni zan ji da shi. Sai ya sha kunu.

"Shi maginin ba namiji ba ne? Ko wa zai hau ai sai da izinin Malam. Kuma mutumin nan ya nuna ba ya so, so kike in je in yi ta roƙonsa?"

"To bari in shiga wurin Gwaggo in yi mata magana," na ce, ina nufin matar Malam.

"Kul! Maganar maza ce, kada ki kuskura ki sa baki. Ina raye ba za a ce ƙanwata ce ke nema wa gidan nan alfarma ba."

Kuna iya cewa ina Inna take, ba ta da baki ne? Tana da shi, amma ba a kan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ta ce yi kaza ba. Sai dai ta ce, "A faɗa wa yaron nan," ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Ni kam da nake ta uku, ko tuntuɓe na yi sai ta kira sunana ta haɗa da faɗa. Idan na matsa mata a kan bututun sai ta ce, cikin tari, "Ki ƙyale shi, abubuwa sun yi masa yawa. Da can da babu bututun mutuwa muka yi?"

Duk fushina sai ya koma kan Malam. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani. Ina wucewa ta ƙofar zaurensa in ji yana karantar da haƙƙin maƙwabtaka, sai in ji kamar in tsaya in yi masa gyara. Da can har ƙasa nake durƙusawa in gaishe shi, sai na koma gaisuwa daga tsaye, ina tafe ina yi. A zuciyata kuwa babu irin hukuncin da ban yanke masa ba, a kan indararo guda zai kashe mana uwa.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta shigo, aikin Inna ya ninka. Wata ranar Talata ina cikin aji wayata ta yi ƙara, matar Yaya ce. Ta ce Inna ta fito daga madafi tana dafa bango, ta zube a bakin ƙofa, numfashi ya ƙi fita, an ɗauke ta zuwa asibiti. Ban san yadda na fita daga makarantar ba, jakata ma sai washegari aka aiko mini da ita. A mota ina ta yi wa direba masifa don ya tsaya ɗaukar buhunan gero.

Na same ta an sa mata robar iska a hanci, ƙirjinta yana wani irin fito kamar an danne kyanwa. Likitan ya gama dubawa ya juyo ya tambaye ni ko tana shan taba. Inna! Matar da ko goro ba ta ci. Na ce hayaƙin itace ne. Ya ce to ya riga ya yi mata illa a huhu, wanda ya lalace ba zai dawo ba, abin da ya rage shi ne a kiyaye sauran. Yaya yana tsaye a gefe yana gyaɗa kai, har da cewa, "In sha Allahu za a kiyaye." Na dube shi, na haɗiye abin da ya zo mini baki saboda idon mutane.

Bayan 'yan kwanaki aka sallame ta. Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta leƙa madafi ta ce akwai gyaɗar da aka riga aka niƙa, in ba a soya gobe ba za ta lalace. A nan ne wani abu ya tsinke mini a ka.

Da safe Yaya ya tafi kasuwar dabbobi, don fataucin awaki yake yi. Na ɗauko tsani daga bayan rumbu na jingina da soron. Na samo gora na ɗaura mata tsohon buhu da guntuwar tsintsiya. Sai na dubi zanin da ke jikina na ga ba zai hau tsani ba. Ga wandon shaddar Yaya fari tas a kan igiyar shanya, wanda yake ji da shi, na zuwa Juma'a. Na fizgo shi na zura, na ɗaure ƙugu da ɗankwali. Ku tuna ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma ko kan kujera na hau don ɗauko abu sai jiri ya ɗebe ni.

Matar Yaya ta riƙe baki. "Malama, ki rufa mini asiri, wallahi ni zai yi wa faɗa."

"Riƙe mini tsanin kawai. Ki ce na fi ƙarfinki."

Inna ta fito daga ɗaki tana cewa, "Ke 'yar nan, kin haukace ne? Mace da hawan soro? Sauko kada ki ja mana abin faɗa!"

Na ce, "Inna, namiji aka ce sai da izini. Ni mace ce, in na ga matan Malam me na gani?"

Da na kai tsakiyar tsani na buɗe murya iya ƙarfina, yadda har zaure za a ji, don neman faɗa nake yi: "Salamu alaikum mutanen gidan Malam! Za a hau sama, amma mace ce, kowa ya ci gaba da abin da yake yi!"

Da rarrafe na isa wurin bututun. Hular ta yi tsatsa ta kama, sai da na yi ta dukanta da guntun bulo kafin ta fita. Na leƙa ciki, babu hanya ko ta allura. Kunkunniya ta daskare kamar kwalta, ga gidajen zanzaro sun yi layi a bakin. Na zura gorar na danna, ta ƙi. Na miƙe tsaye, tsoron ma na manta da shi, na riƙa soka ta da duk haushin da na tara tun farkon damina. Can sai na ji rugum, abin ya rufta ƙasa, wani baƙin gari ya bugo sama ya wanke mini fuska. A ƙasa kuma na ji matar Yaya tana salati, ashe ta ƙofar madafi ma ya fito ya rufe kajin gidan.

Ina cikin tari da murza ido na ji murya daga ɗaya ɓangaren. Gwaggo ce, matar Malam, tana zaune gaban kwanukan wanke-wanke ta ɗaga kai.

"Ikon Allah! Wa nake gani haka kamar dodo? Ke ce? Ina mazan gidan naku?"

Dama jira nake. Na ce, "Mazan gidan suna jiran izinin Malam ne, Gwaggo. Tun saukar ruwan fari suke jira, har Inna ta kwanta asibiti."

Ta ajiye soso. "Izinin me?"

"Izinin hawa a share bututun nan mana."

Ta tashi ta nufi zaure. Jim kaɗan sai ga Malam ya shigo, carbi a hannu. Bai ɗaga kai ya dube ni ba, ƙasa ya riƙa kallo yana magana.

"'Yata, wallahi tallahi babu wanda ya taɓa zuwa mini da wannan magana. Ban yi tafiya ba, ban yi ciwo ba, kullum ina zauren nan. Ina jin tarin mahaifiyarki ta katanga, har na ce wa maiɗakina ko zuma za a aika mata. Da an faɗa mini, ai ni zan riƙe tsanin."

Na tsaya a kan soron nan da gora a hannu. Wannan shi ne mutumin da na kwashe damina guda ina tsine wa a zuci. Na ce, "Baba, ka yafe mini," ya ce bai san na yi masa komai ba, in dai sauka a hankali.

Ban gama sauka ba Yaya ya shigo, ashe labari ya riga ya kai masa cewa ƙanwarsa tana kan soro. Ya ga wandonsa, ya ga fuskata, ya fara, "Wa ya ce ki hau? Kin san irin zubar mana da mutuncin da..."

"Yaya, ranar yaushe ka yi wa Malam magana?"

Ya ce ai dama yana shirin yi. Ya ce ai lokaci ne bai samu ba. Da ya ga ban ɗauke ido daga kansa ba, sai gaskiyar ta fito da ƙarfi, kamar ma shi aka yi wa laifi.

"Ni zan je zauren mutumin da ya kai ni gaban mai unguwa, in tuɓe takalmi in durƙusa in ce ya yi mini alfarma? Ni?"

Jama'a, ban san ina da irin wannan bakin ba sai ranar. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce masa taku nawa ne daga ƙofarmu zuwa zauren Malam? Na ce gwiwarka ta fi huhun Inna tsada ke nan? Na ce ka hana ni zuwa, ka hana magini zuwa, ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai san da shi ba, kana kallon matar da ta haife ka tana dafa bango, duk don kada a ce ka sunkuya. Matarsa tana ja mini hannu tana ba ni haƙuri, ina fizgewa. Ina kuka ina faɗa, hawaye yana yin hanya a cikin baƙin fuskata.

Sai muka ji an kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke. Duk muka waiga, don ba mu san muryar da wannan sunan ba. Inna ce, tana tsaye a ƙofar ɗakinta ta riƙe labule, tana dubansa a ido. Ta ja numfashi, ƙirjin ya yi fiton nan, sannan ta ce, "Ashe ba ka je ba?"

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta saki labule. Yaya ya cire hula ya zauna a kan turmi. Duk masifar da na zazzage masa ba ta taɓa shi kamar wannan ba, na gani a fuskarsa. Ya daɗe a zaune kafin ya tashi ya fita, kuma daga inda nake na ji sallamarsa a zauren Malam.

Da rana matar Yaya ta kwashe kunkunniyar, ta cika kwandon shara har da tsibi. Aka hura wuta, hayaƙi ya miƙe sama kamar ranar farko. Aikin gaba ɗayansa bai kai dahuwar shinkafa ba. Wandon kam bai sake fari ba, tsumman goge murhu aka mayar da shi.

Inna ba ta koma gaban kasko ba. Ta gwada, ƙirjin ya ƙi, yanzu matar Yaya ce ke suyar, ita kuma tana zaune daga nesa a kan tabarma tana ba da umarni, da ɗan abin shaƙar da likita ya ba ta a ƙulle a bakin zani. An sake buɗe tagar. Yaya kuwa duk shekara kafin ruwa ya sauka da kansa yake zuwa wurin Malam, da kansa yake hawa, har na maƙwabta yake sharewa in sun yi irin murhun. Bai taɓa buɗe baki ya ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Muna zumunci, 'ya'yansa a hannuna suke hutu.

Amma in na ce muku fushin ya tafi na yi ƙarya. Mutane sukan ce mini ai ya wuce, ai ya gyara, kuma gaskiya ne ya gyara. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne babu mugu ko ɗaya a labarin nan. Yaya yana son Inna, ko yanzu aka ce ya ba ta idonsa zai cire. Al'adar ma ba ta hana komai ba, sallama kawai ta nema. Girman kai ne na mutum ɗaya ya ɓuya a bayanta, ita kuma Inna kunya ta hana ta tambaya. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ce mini za a yi, sai na tambaye shi wa zai yi, kuma yaushe, ko da kuwa zai ce ba ni da ta ido.

Ɗazu da safe na kira Inna a waya. Na yi mata sallama ta fara amsawa, sai ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi, ina jin fiton nan a kunnena, sannan ta ƙarasa. Kullum haka ne, ba ta iya kai amsar sallama ƙarshe da numfashi ɗaya. Na jira ta gama, na tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi.